DA ƘAFAR WA ZA A AUNA TAFIYA?



Akwai wata kalma da muke ji kullum, amma da wuya mu tsaya mu tambayi asalinta, wato zango. Muna da Zangon Daura a jihar Katsina, muna da Zangon Katab a jihar Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Kumasi a ƙasar Gana ya san unguwannin baƙi da ake kira zango. A bakin fataken dā kalmar tana da ma'ana biyu: wurin da ayari yake sauka ya kwana, da kuma tsawon hanyar da ke tsakanin masauki da masauki, wato tafiyar yini guda. Idan aka ce gari kaza zango uku ne daga nan, kowa ya san kwana uku za a yi kafin a kai.

Amma tafiyar yini guda ta wa? Saurayi mai jini a jika, wanda ba ya ɗauke da komai sai sandarsa, yana iya tashi daga Dutse da asuba ya wuce Shuwarin, ya kai Kiyawa rana ba ta faɗi ba. Tsohuwa mai ƙwarya a kai da jika a hannu ba za ta yi rabin wannan ba. Ashe da ƙafar mutum ake auna zango, kuma idan jama'a suna tafiya tare, tilas ne a zaɓi ƙafar da za a auna da ita. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta ke nan: shin wajibi ne mai ƙarfi ya rage saurinsa saboda marar ƙarfi? In kuwa wajibi ne, har zuwa ina, kuma saboda me?

HANYAR GWANJA

A yau mota takan kai mu Kano daga Dutse cikin 'yan sa'o'i, saboda haka mun soma manta yadda doguwar tafiyar ƙasa take. Bari mu tuna da babbar hanyar da mutanen ƙasar nan suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi, wato hanyar Gwanja, inda ake sayo goro. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 cinikin ya bunƙasa ƙwarai a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Sukan tashi daga ƙasar Kano da kanwa da tufafin rini da kayan fata da busasshen gabu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su kai kasuwar Salaga, wadda ke arewacin Gana ta yau. Nisan ya fi kilomita 1,000, zuwa da dawowa kuwa yakan cinye rabin shekara ko fiye da haka. A 1826 Baturen nan Kilabatan ya tarar da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun fi 1,000, maza da mata, da dabbobin ɗaukar kaya kusan yawansu.

Ayari yana da tsari. Madugu shi ne uban tafiya, shi yake shiryawa da sarakunan hanya a kan gaisuwa da kuɗin fito. Jagaba shi ya san hanya, ya san inda rijiya take da inda kogi yake ƙetaruwa. Akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a, gama fataken nan Musulmi ne, ba su kuwa ɗaukar hanya sai sun roƙi Allah. Tun gari bai gama wayewa ba ake ɗaure kaya, a labta wa jakuna, 'yan alaro su ɗora nasu a kai, a kama hanya da sanyin safiya. Kafin rana ta yi tsanani ƙwarai ana so a kai masauki, domin a sami lokacin kafa bukkoki, da neman ruwa da itace, da kiwon dabbobi. A hanyar dawowa kuma akwai ƙarin aiki, domin goro ba ya son fari: sai a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana fid da wanda ya yi sankara don kada ya ɓata sauran. Gobe kuma haka, jibi haka, har watanni.

FILI DA KURMI

Goron da ake sayarwa a Salaga ba a can yake tsira ba. Daga kurmin Asante ake kawo shi, can kudu inda ruwan sama yake da yawa, inda itatuwa suke haɗa kai a sama har rana ba ta kai ƙasa sosai. Sarakunan Asante sun daɗe suna tsayar da fataken arewa a bakin iyaka. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, da kuma yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwar Hausa suka yi ta nausawa kudu, zuwa Kintamfo da Karaci, daga baya har cikin Kumasi da garuruwan bakin teku.

Mutumin fili da ya shiga kurmi yakan tarar da wata irin tafiya dabam. Ƙudan tsando yana kashe jaki, saboda haka kaya sai a kai. Hanya siririya ce, mutum ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa tana da santsi, saiwoyi suna tare ƙafa, gumi ba ya bushewa, rafuffuka kuma sukan cika cikin dare ɗaya. Amma babban bambancin yana wajen gani. A nan ƙasarmu, wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa yana iya hango matafiyi daga nesa, a tsakanin gonakin gero da itatuwan dabino, ya gane ko yana ɗingishi. A kurmi kuwa, wanda ya yi baya da taki ashirin ya ɓace wa ido. Hanya ta yi kwana, ganye ya rufe, na gaba ba ya jin komai sai numfashin kansa da kukan tsuntsaye. Mutum yana iya faɗuwa ba da muguntar kowa ba, sai dai don ba wanda ya waiwaya ya ƙirga. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu dawo gare shi.

HUJJAR MASU SAURI

Kada mu yi gaggawar hukunta wanda ya ce a bar na baya a wuce, gama hujjarsa tana da nauyi. Idan ayari bai kai rijiya kafin dare ba, mutum dubu ne za su kwana da ƙishirwa saboda mutum ɗaya. Idan damina ta riske su a hanya, koguna za su cika, goro ya lalace, wahalar watanni ta tashi a banza, iyalai da yawa a gida su shiga yunwa. Idan aka kwana a dawa maimakon zango, 'yan fashi suna nan. Mai wannan ra'ayi zai ce tausayin mutum ɗaya da zai jawo hasarar dubu zalunci ne ga dubun. Zai ƙara da cewa jira yakan koya wa malalaci lalaci, domin wanda ya san za a jira shi ba zai ɗaga ƙafa ba. Zai kuma tambaya: da wane adalci za a ɗaure wanda Allah ya ba ƙarfi, ya kuma yi tanadin guzuri tun daga gida, da igiyar wanda bai shirya ba?

Wannan magana ba ta mutanen dā kaɗai ba ce. Ita ce muke ji a gida idan aka ce yaro ɗaya ne mai ƙoƙari, a zuba kuɗin makaranta a kansa, sauran su tafi gona. Ita ce muke ji a taron kwamiti idan aka ce ginin majami'a ba zai jira waɗanda ba su biya kasonsu ba. Duk amsar da ba ta ɗauki wannan hujja da muhimmanci ba, amsar baki ce kawai, ba za ta tsaya ba ranar da aka zo yanke shawara.

LISSAFIN AYARI

Fatake ma ai sukan jira, kuma suna da dalili. Ayarin da ya tsinke gida biyu ya zama ganima, domin 'yan fashi ba gaba suke faɗa wa ba, baya suke lallaɓowa. Jakin da aka kora fiye da ƙarfinsa yau, gobe ba zai tashi ba. Daga irin wannan sani ne Bahaushe ya ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, ya kuma ce sauri ya haifi nawa. Wannan hikima ce ta gaske, kuma ta isa ta rushe rabin hujjar masu sauri: sau da yawa jiran na baya shi ne ribar na gaba.

Sai dai hikimar tana da iyaka, tarihi kuma bai ɓoye iyakar ba. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, kuma da yawa cikin masu ɗaukar kayan nan bayi ne. Idan riba ce dalilin jira, to, za a jira mutum gwargwadon tamanin abin da yake ɗauke da shi, ko tamanin da shi kansa zai yi a kasuwa. Ranar da ɗawainiyarsa ta fi amfaninsa, lissafin da ya sa aka jira shi jiya shi ne zai sa a bar shi yau. Saboda haka hikimar kasuwa tana iya koya mana haƙuri da marar ƙarfi, amma ba ta iya gaya mana abin da za mu yi da wanda ba zai ƙara amfanar kowa ba. A nan ne muke bukatar wani haske.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

A Littafin Farawa sura 33, Yakubu ya sadu da wansa Isuwa bayan rabuwar shekaru. Isuwa yana tare da mutum 400, ƙarfafa, ya nemi su kama hanya tare. Yakubu ya nemi gafara, ya nuna masa ƙananan yara da tumaki da shanu masu shayarwa, ya bayyana cewa kora ta yini ɗaya tak ta isa ta hallaka garken duka, saboda haka shi zai biyo a hankali, daidai da takin dabbobi da na yara. Mu lura, yini ɗaya ya ambata, zango ɗaya. Uban al'ummar Allah ya auna tafiyarsa da ƙafar mafi ƙanƙanta a gidansa.

A Maimaitawar Shari'a sura 25 an umarci Isra'ila kada su manta da abin da Amalekawa suka yi musu bayan fitowarsu daga Masar. Laifin da aka ambata shi ne sun bi ta baya sun karkashe gajiyayyu da suka kasa bin sahu, Nassi kuma ya haɗa wannan da rashin tsoron Allah. Wato yadda mutum yake yi da na baya shi ne ma'aunin tsoron Allah da ke zuciyarsa.

Labarin da ya fi kusa da tambayarmu yana cikin 1 Sama'ila sura 30. Amalekawa sun ƙone Ziklag, sun kwashe mata da yara. Dawuda ya bi sawunsu da mutum 600. Da suka kai rafin Besor, 200 suka kasa ƙetarewa don gajiya. A nan Dawuda bai zauna jira ba, gama rayukan waɗanda aka kama suna cikin haɗari. Ya bar gajiyayyun wurin kaya, ya wuce da 400. A hanya suka tsinci wani Bamasare kwance a saura, kwana uku bai ci ba bai sha ba. Bawan wani Ba'amaleke ne, ubangidansa ya yar da shi domin ya yi ciwo. Mutanen da ke cikin tsananin gaggawa suka tsaya suka ba shi ruwa da abinci har ransa ya komo, shi ne kuwa ya nuna musu inda maharan suke. Bayan nasara, da suka komo Besor, wasu cikin 400 ɗin suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya komai cikin ganima, sai dai kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya tafi. Dawuda ya ƙi. Ya ce abin da suka samu Ubangiji ne ya ba su, ya kuma kafa doka cewa rabon wanda ya tsaya wurin kaya daidai yake da rabon wanda ya shiga yaƙi.

Wannan labari ya ba hujjar masu sauri haƙƙinta, ya kuma sa mata iyaka. Akwai ranar da dole na gaba su wuce. Amma Dawuda ya bar gajiyayyun a sanannen wuri, ya san yawansu, ya komo ta wurinsu, ya gaishe su, ya raba daidai da su. Ba'amaleken nan shi ma ya wuce, amma shi bai yi niyyar komowa ba. Dukansu biyu sun bar wani a baya. Abin da ya raba su shi ne, a wurin ɗaya wanda aka bari yana nan cikin ƙirga, a wurin ɗayan kuwa an share shi. Dalilin Dawuda kuma ba riba ba ne. Dalilinsa shi ne ƙarfin da ya kai 400 ɗin ƙetaren rafi kyauta ce, wanda aka yi wa kyauta kuwa ba shi da ikon yin fahariya a kan wanda ba a ba shi ba.

HIKIMAR WALIYYAI

Iyayenmu cikin bangaskiya sun mai da wannan koyarwa tsarin zama. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, Bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta wa masu zaman zuhudu ƙa'ida cewa kada a raba abinci da sutura daidai wa daida, tun da ƙarfin jiki ba ɗaya ba ne, sai dai a ba kowa gwargwadon bukatarsa. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin Bishop na farko da na biyu na Dayosis ɗin Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa, dukansu 'ya'yan ƙungiyar Agustin ne. Waliyyi Benedik kuma, a ƙarni na 6, da yake bayyana halin da ya kamaci shugaban gidan zuhudu a babi na 64 na ƙa'idarsa, misalin Yakubu da garkensa ya kawo. Ya ce shugaba ya daidaita al'amura yadda ƙarfafa za su sami abin da za su miƙa hannu su kamo, raunana kuma ba za su tsorata su gudu ba.

A nan akwai amsa ga mai tsoron cewa jira zai haifi lalaci. Benedik bai ce a tsai da tafiya ba, bai kuwa ce a rage wa mai ƙarfi nauyi ba. Mai ƙarfi aikinsa ƙaruwa yake yi: ya riga kowa isa zango ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya komo da fitila ya karɓi kayan na baya. Marar ƙarfi kuma yana da nasa wajibi: ya tashi da wuri, ya faɗi gaskiyar halinsa, ya karɓi taimako ba da girman kai ba, ya kuma taka iyakar abin da zai iya. Wanda ya zauna a gindin itace alhali ƙafarsa lafiya, yana jiran a goya shi, ya ci amanar ayari, Manzo Bulus ma ya tsawata wa irinsa a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa. Rarrabe gajiyayye da malalaci aiki ne mai wuya, ba a kuwa yinsa daga nesa. Sai wanda ya komo baya ya dubi ƙafar mutum da idonsa yake sanin ko ƙaya ce ta soke shi.

WANDA BAI KAI NAMUGONGO BA

Kowace shekara, kafin 3 ga watan Yuni, dubban masu bi sukan taka da ƙafa daga sassan Yuganda da ƙasashen maƙwabta zuwa Namugongo, wasu kwanaki, wasu makonni, da tsofaffi a cikinsu, domin bikin Shahidan Yuganda. Hanyar da suke tunawa da ita hanya ce mai ɗaci. A ƙarshen watan Mayu na 1886 Sarki Muwanga na Buganda ya yanke wa samarin fadarsa Kirista hukuncin kisa, aka ɗaure su, aka kora su da ƙafa zuwa wurin da za a ƙone su. Ɗaya daga cikinsu, Gonzaga Gonza, ƙafafunsa suka kumbura saboda mari, ya yi ta jan jiki har ya faɗi a hanya. Masu tsaro ba su jira ba, suka soke shi da mashi a nan. Sharles Luwanga da sauran 'yan'uwansa aka ƙone su a Namugongo ranar 3 ga Yuni.

A 1964 Paparoma Bulus na Shida ya ɗaukaka shahidai 22 zuwa matsayin waliyyai a rana ɗaya. Sunan Gonzaga Gonza yana cikinsu, ba a kuwa rage masa komai ba don bai kai ƙarshen hanya ba. Dokar rafin Besor ke nan a cikin Ikilisiya. Tushenta kuma ya fi Dawuda zurfi. Duk Jumma'a ta lokacin Azumi, a Hanyar Gicciye, muna durƙusawa sau uku a gaban Ubangijinmu yana faɗuwa ƙarƙashin kayansa, muna kuma tunawa da Saminu Bakurane da aka tilasta wa ya ɗaukar masa. Ɗan Allah da kansa ya zama na bayan ayari, wanda sojoji suke ƙosawa da jinkirinsa. Tun daga ranar nan, Kirista ba ya iya duban wanda ya faɗi a hanya ya ce ba shi da tamani, gama ya san wanda ya taɓa kwanciya a wurin.

A CIKIN IKILISIYARMU

Yanzu mu komo ga bambancin fili da kurmi. Tun da aka kafa jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka zo daga ko'ina, majami'unmu suka cika da fuskoki da harsuna iri-iri. Wannan albarka ce. Amma a ƙaramar majami'ar ƙauye, idan tsoho ɗaya bai zo Misa ba kowa ya gani, kafin azahar an je an duba shi. A taron gari kuwa mutum yana iya ɓacewa wata shida ba wanda ya tambaya. Zaman gari ya fi kama da tafiyar kurmi: ba mugunta ake bukata kafin a rasa ɗan'uwa ba, rashin ƙirga ya isa.

Su wa ke bayan ayarinmu? Gwauruwar da ta daina zuwa taron Zumuntar Mata domin kunyar bashin kuɗin wata. Dattijon da ya yi shekaru yana koyon katikisim, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe amsoshi, har ya fid da rai ga baftisma. Saurayin da ya tafi ci-rani Legas ya dawo hannu wofi, yana ɓuya a ɗaki. Ma'auratan da aurensu bai sami albarkar Ikilisiya ba, suna zama a bencin ƙarshe, daga baya su daina zuwa. Masu bi na ƙauyukan da Fada ba ya samun kai musu ziyara sai jefi-jefi, musamman da damina. Wanda ba ya jin Turanci, aka yi shawara duka a gabansa bai gane ba. Da kuma wanda giya ta kayar, wanda kowa ya gaji da ɗagawa.

Dokar Ikilisiya ta 1983 ba ta bar wannan ga ra'ayin kowa ba. Sashe na 848 ya umarci masu hidima su kula kada talauci ya hana mabukaci samun sakramenti, sashe na 1181 kuma ya ce kada a hana matalauci jana'izar da ta dace saboda rashin abin bayarwa. Saboda haka duk inda katin biyan kuɗi ya zama ƙofar da ake rufe wa gawa ko jariri, an koma lissafin kasuwar Salaga. Gini yana da kyau, kaso yana da kyau, wanda yake da hali kuma ya ƙi bayarwa yana da laifi. Amma kwamitin da ya san adadin buhunan siminti da suka rage, ya kamata ya san adadin mutanen da suka rage a hanya. Marigayi Paparoma Faransis ya koyar a 2013 cewa makiyayi wani lokaci yana gaba yana nuna hanya, wani lokaci yana tsakiya, wani lokaci kuma yana baya domin ya taimaki waɗanda suka makara. Wannan aiki na baya ya fi ƙarfin Fada da katikis su kaɗai. Kowace ƙungiya da kowace unguwa tana bukatar mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne su ƙirga, su lura da wanda ba a gani ba, su taka zuwa gidansa a makon nan, ba da takardar bashi a hannu ba. Zumunta a ƙafa take.

To, da ƙafar wa za a auna tafiya? Amsarmu ita ce, mai ƙarfi yana da izinin yin gaba duk lokacin da bukatar jama'a ta sa, amma ba shi da izinin cewa an iso sai an ƙirga kowa. Zango bai cika ba muddin akwai sauran mutum ɗaya a hanya da ba wanda ya koma nema. Kada kuma mu manta cewa ba wanda yake gaba har abada. Wanda yake jagaba yau, tsufa ko ciwo ko karayar arziki za su mai da shi baya wata rana, dokar da ya kafa wa gajiyayyu kuwa ita ce zai tarar tana jiransa.

Allah Uba, wanda ya bi da jama'arsa cikin jeji zango-zango, ya ba ƙarfafanmu zuciyar komowa baya, ya ba raunananmu ƙarfin ɗaga ƙafa. Uwargida Maryamu da Shahidan Yuganda su yi addu'a dominmu, har mu kai masauki na ƙarshe ba a rasa ko ɗaya ba. Amin.